Kano zuwa Jos da Cessna 172 a watan Yuni: in hadari ya tare hanya, yaya ake yi?

Ɗalibin_Tuƙi:

Assalamu alaikum, malamaina. Ana shirin tafiya daga Kano zuwa Jos da Cessna 172S a tsakiyar Yuni, mutum biyu a ciki, tankuna cike, kuma tuƙin ido ne ba na na'ura ba. Nisan kusan mil 145 ne na teku, wato awa ɗaya da minti 20 ko makamancin haka. Abin da nake so a warware mini shi ne: in gargada ta yi tsanani a hanya, wane gudu zan riƙe? Littafin jirgin ya ba da lambobi uku, 105 da 98 da 90, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙaramar lambar ta jirgi marar nauyi ce, alhali a tunanina jirgin da bai ɗauki kaya ba shi ya fi jure wahala. Sannan in na hango hadari a gabana, ana iya ratsawa ta tsakanin gajimare biyu, ko a bi ta ƙarƙashi tunda ana ganin ƙasa? Allah ya saka da alheri.

Kyaftin_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki maganar gudun, don a nan mutane da yawa ke kuskure.

Lambobin nan uku su ne Va. A 172S not 105 ne (not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa) in jirgin yana da nauyin fam 2,550, not 98 a fam 2,200, not 90 a fam 1,900. An ƙera fukafukan su ɗauki ninkin nauyin jirgin sau 3.8 in an danna shi ƙasa, da 1.52 in an fizge shi ta ɗaya ɓangaren, wannan in filaf, wato faifan bayan fiffike da ake saki don sauka, a naɗe yake. Va shi ne gudun da in iska ta bugo daga ƙasa da ƙarfi, fiffiken zai yi sitol, wato ya saki iskar da ke ɗauke da shi na ɗan lokaci, kafin nauyin ya kai 3.8 ɗin. Sitol na ƙiftawar ido a sama, jirgin kan farfaɗo da kansa. Fiffiken da ya lanƙwashe kuwa ba ya miƙewa.

Dalilin da ya sa lambar ke raguwa in nauyi ya ragu: a gudu ɗaya, fiffike ƙarfi ɗaya yake iya samarwa, ko jirgin na da kaya ko babu. Ƙarfin da zai ninka fam 2,550 sau 3.8, in ya sami jirgi mai fam 1,900 zai ninka shi fiye da sau 5. Kuma ba fiffike kaɗai ke shan wannan ba. Ƙarafan da ke riƙe da inji, da kujeru, da batir, da daɓen ma'ajin kaya, duk an auna su ne da 3.8, su kuma nauyinsu bai ragu ba don ka sauke fasinja. Jirgi marar nauyi iska ta fi wurgi da shi, shi ke nan.

Yi lissafin naka. Jirgin ba kowa ba komai yana wajen fam 1,700, sai ka duba takardar awon naku don kowane jirgi da nasa. Mutum biyu, a ce 340. Mai galan 53, kowane galan fam 6, ya zama 318. Kun kai wajen 2,350 a tashi, kuma kowace awa kuna ƙona fam 50 zuwa 60. Va ɗinku a tsakiyar hanya yana kusa da not 100. Amma kada ka riƙe 100 daidai, domin a cikin gargada allurar agogon gudu kan yi tsalle not 10 zuwa 15 sama da ƙasa. Nemi 90 zuwa 95. Hanyar samunsa ita ce totur, ba jan sitiyari ba: rage juyin inji a minti, wato RPM, zuwa wajen 2,100 ko 2,200, daidaita tirim, wato abin da ke riƙe hancin jirgi a inda ka sa shi, ka bar shi a nan. Gara ka gwada wannan a ranar da sama ke kwance, ka san lambar da ke ba jirginku not 95, ka rubuta ta a katin gwiwarka. Kada kuma tsoro ya kai ka 65 ko 70, domin gudun sitol ɗinku not 48 ne a tashi miƙe, kuma iska mai bugowa daga ƙasa tana iya jefa ku cikinsa a gudun da ya fi haka nesa. Filaf a bar shi a naɗe, in an sake shi iyakar 3.8 ɗin ta sauko zuwa 3.0.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: Va kariya ce daga bugu ɗaya, ta fuska ɗaya. In ka dinga taka fedar wutsiya hagu da dama har ƙarshe, ko kana jan sitiyari kana murɗa shi lokaci guda, za ka iya karya jirgi a ƙasa da Va. Airbus A300 na American Airlines da ya faɗi a New York ranar 12 ga Nuwamba 2001 wutsiyarsa ce ta ɓalle saboda irin wannan taka feda, kuma bai kai Va ɗinsa ba.

Tambayarka ta biyu kuwa amsarta a'a ce, sau biyu. Jirginku yana hawa ƙafa 730 a minti a bakin teku, a rana mai sanyi. Iskar da ke zubowa daga ƙarƙashin hadari tana iya kaiwa ƙafa 6,000 a minti. Ba wata gwaninta da ke cike wannan giɓi.

Mai_Hasashen_Yanayi:

Sannu Kyaftin, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan yi magana a kan hadarin kansa, don na yankinmu yana da halinsa, kuma littattafan da ɗalibai ke karantawa yawanci na Amurka da Turai ne, inda yanayi ke tafiya daga yamma zuwa gabas. A nan akasin haka ne.

A damina iskar ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, da laimar teku. A samanta, wajen ƙafa 10,000 zuwa 13,000, akwai iska mai ƙarfi da ke tahowa daga gabas, ita ke tura hadari yamma. Iri biyu za ka haɗu da su. Akwai hadarin la'asar, wanda zafin rana ke tayarwa nan da can, kuma tsaunukan Filato suna cikin wuraren da suka fi haifar da shi a ƙasar nan. Daga azahar gajimare ke fara tsiri a kan Jos, wato inda kuka dosa shi ne masana'antar. Sai kuma mai layi, wanda ke miƙewa daga arewa zuwa kudu, tsawonsa kan kai ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun not 25 zuwa 30, wani lokaci fiye. Wannan ba ya jiran la'asar. Yana iya tasowa jiya da yamma a gabas mai nisa, ya kwana yana tafiya, ya iso Kano da hantsi. Sukan zo ne duk bayan kwana uku zuwa biyar, gwargwadon igiyar iskar gabas da ke ɗauke da su.

Duba hanyarku a taswira. Daga arewa zuwa kudu take, wato kuna tafiya ne a gefen layin, yana matso ku ta hagu. Ba za ku zagaya shi ba, ya fi ƙarfin manku tsawo. Bauchi tana gabas da hanyarku, ita zai fara ci. Zariya da Kaduna suna yamma, su ne mafaka, amma mafakar lokaci ce: in ka sauka Zariya layin na mil 30 a bayanka, awa ɗaya gare ka ka ɗaure jirgin.

Nisan da ake shawarta shi ne mil 20 daga duk hadari mai ƙarfi. Mutane na ganin ya yi yawa har sai sun yi lissafi. In kana tunkarar layi da not 110 shi kuma yana tahowa da 30, mil 20 ɗin nan bai kai minti 9 ba. Sannan iskar gaban hadari, wadda ke tayar da jar ƙurar nan da kowa ya sani a farkon damina, tana iya riga ruwan da mil 15. A sama tas kake, rana na haska ka, sai ka ji an ɗaga ka an maka. Kan hadarin kuma, inda ya baje kamar uwar maƙera, yana iya zubo da ƙanƙara nesa da gindinsa, don haka ba a bi ta ƙarƙashin wannan rumfar ko da ƙasanta fayau ne. Ratar da ka hango tsakanin hadari biyu, in ba ta kai mil 40 ba, ba rata ba ce. Kuma hawa samansa ba zance ba ne: a yankinmu kansa kan wuce ƙafa 45,000, rufin 172S kuwa 14,000 ne.

Holoƙo, wanda ke zuwa da iska ba ruwa, shi ma kada a raina shi. In ka ga ruwa na saukowa daga gajimare yana ɓacewa kafin ya taɓa ƙasa, ruwan ya zama tururi ne ya sanyaya iskar, iskar mai sanyi kuma tana faɗowa da nauyinta. Alamarta a ƙasa ita ce ƙura mai tashi a zagaye. A Mayu da farkon Yuni, da ƙasan sararin ke bushe, wannan ya fi yawa a Kano da abin da ya yi arewa.

Kafin tashi, je ofishin NiMet, hukumar hasashen yanayi, na filin ka karɓi METAR (rahoton yanayin da ake ciki) da TAF (hasashen awannin gaba) na Kano, Jos, Kaduna da Bauchi, wato DNKN, DNJO, DNKA da DNBC, ka kuma nemi a nuna maka hotunan tauraron ɗan'adam na awa ukun da suka wuce a jere, ba hoto ɗaya ba. A jere ne za ka ga abin da ke gabas da inda ya nufa. Ka tuna lokutan da ke rubuce na UTC ne, wato agogon duniya, ƙara awa ɗaya ka sami agogon Najeriya. Abin da za ka farauta a ciki: TS (tsawa), TSRA (tsawa da ruwa), CB (gajimaren hadari), TCU (gajimare mai tsiri), SQ (iska mai ƙarfi da ke tasowa farat ɗaya), DS (guguwar ƙura), da harafin G (fizga) a cikin iska. In ka ga misali 09025G40KT 2000 TSRA BKN010CB, ana ce maka iska daga gabas not 25 tana fizga zuwa 40, ganin gaba mita 2,000, tsawa da ruwa, gindin hadari ƙafa 1,000. PROB30 TEMPO TSRA, wato yiwuwar kashi 30 cikin ɗari na tsawa da ruwa na ɗan lokaci, ga babban jirgi ƙaramin abu ne, yana da rada a hancinsa da man zagaye. Gare ku, in ya faɗo cikin lokacin isarku, dalilin sauya lokaci ne.

Akwai lissafi mai sauƙi na gindin gajimare: cire ma'aunin raɓa, wato digirin da raɓa ke fara samuwa, daga ma'aunin zafi, ka ninka da 400. Zafi 33, raɓa 22, saura 11, gindin yana wajen ƙafa 4,400 sama da filin. Amma ku lura, filin Kano yana ƙafa 1,560 ne daga teku, na Jos ya haura 4,200, duwatsun Shere kuma sun kai wajen 6,000. Gajimaren da ya ba ku sarari a kan Kano yana iya zama a kan dutse in kun isa Filato.

Hoton da ke cikin manhajar waya tsohon labari ne. Tauraron kan ɗauka duk minti 10 zuwa 15, kafin ya iso wayarka an ƙara wasu, hadari kuwa cikin rabin awa yana iya tashi daga ƙaramin gajimare ya balaga. Shawarata a taƙaice: ku tashi da ƙarfe 7 na safe, ku kasance a ƙasa a Jos kafin 10. Dawowa kuma sai washegari da safe.

Ɗalibin_Tuƙi:

Na gode Kyaftin, na gode Hajiya, lissafin Va ya zauna yanzu. Saura ɗaya. A ce duk an yi wannan amma ƙaddara ta sa an tsinci kai a ciki, ƙura ko ruwa ya rufe gaba. Wani malami ya ce a juya baya nan take, wani littafi kuma ya ce in an shiga kada a juya. Wanne ne daidai?

Malamin_Tuƙi_Zariya:

Duka biyun daidai ne, lokacinsu ne ya bambanta, kuma rikita su ya kashe mutane.

Juyawa ta kafin shiga ce, da kuma daƙiƙun farko. Ganin gaba ya fara raguwa ƙasa da kilomita 5, ko ka ga kana ta sauka don ka zauna ƙarƙashin gajimare, ko ka shiga gajimare na yau da kullum wanda ba ya wurgi da kai: duba alƙiblarka a kamfas, karanta lambar da ke ƙasan agogon, ita za ka nufa. Kwantar da fiffike digiri 15, kada ya wuce, ka riƙe minti ɗaya cur. Digiri 3 a daƙiƙa, sau 60, ka juyo. Miƙe fukafukai ka jira haske.

In kuwa cikin hadarin ne sosai, duhu, ruwa na dukan gilashi, jirgi na sama da ƙasa, to kwantar da fiffike ƙarin nauyi ne a kan wanda iska ke ɗorawa. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu tun kafin iska ta taɓa ka, gudun sitol kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Ga shi juyi a makance shi ne ƙofar ruɗewar kai. A nan sai a miƙe.

Abin da za a yi, kuma rabinsa tun ana hango duhun ya kamata a gama shi. Ɗaure bel na cinya har ya matse, na kafaɗa ma haka, naka da na fasinja, domin mutum kan bugi rufi da ka ya suma. Duk abin da ke yawo, kwalbar ruwa, waya, jakar taswira, a cusa shi inda ba zai tashi ba, musamman kada ya gangara ƙarƙashin feda. Kunna hitar bututun fito, wanda ke kai wa agogon gudu iska. Ƙure fitilun cikin jirgi ko da rana ce, ka sauke idonka kan agogo, don walƙiya na makantar da mutum na wasu daƙiƙu. In akwai otofailot, kashe riƙon tsayi, in gargadar ta yi tsanani kashe shi gaba ɗaya, domin shi zai yi ta kokawa da iska yana murɗa tirim ba ka sani ba, ranar da ya saki kuma ya miƙo maka jirgi a karkace. Sa totur a lambar da Kyaftin ya faɗa, ka cire hannunka daga kansa.

Daga nan aikinka ɗaya: fukafukai a miƙe, hanci a kan layin agogon zaman jirgi. Tsayi ka bar shi ya tafi inda ya ga dama. Iska za ta ɗaga ka ƙafa 1,500 a minti, zuciya ta ce tura hanci ƙasa, in ka bi ta gudu ya haura not 129 ya shiga rawayan layin agogon gudu, sai bugu na gaba ya same ka a gudun da fiffike ba zai jure ba. In ta saukar da kai ka ja da ƙarfi, sitol. Agogon tsayi da na hawa da sauka ma ƙarya suke yi a ciki saboda matsin iska na canzawa. In ruwa ya toshe ramin iskar gefen jirgi allurai suka daskare ko suka haukace, ja maɓallin madadinsa da ke kusa da totur. Gyara kuma a hankali, da yatsu, ba da damtse ba. Togaciya ɗaya ce: in ƙasa ta matso, to ba sauran lallaɓa, totur har ƙarshe a hau. Shi ya sa tun a gida za ka rubuta mafi ƙanƙantar tsayin da ya tsallake duwatsun kowane yanki na hanyar, a kusa da Jos kada ya gaza ƙafa 8,000.

Maganar ruɗewar kai ba wasa ba ce ga mai tuƙin ido. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙin na'ura ba, aka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin daƙiƙa 178. Ruwan cikin kunne ne ke yaudara: in jirgi ya daɗe a kwance a juyi, jiki sai ya ɗauka a miƙe yake. Alamar ita ce gudu na hawa, tsayi na zuba, ƙarar iska na ƙaruwa. Jan sitiyari a wannan hali ƙara matse juyin yake yi. Tsarin shi ne rage totur, miƙe fukafukai da agogo, sannan a ɗago hanci sannu. In akasin haka ne, gudu na mutuwa hanci a sama: totur duka, sauke hanci, miƙe fukafukai.

Rediyo shi ne na ƙarshe, bayan jirgi ya dawo hannu. Sa 7700, lambar gaggawa, a na'urar da ke nuna jirginka a rada, ka kira wanda kake magana da shi, in babu amsa ka koma 121.5, tashar gaggawa. Faɗi a sarari cewa kai mai tuƙin ido ne ka shiga gajimare. Ba a jin kunyar wannan. Amma kada ka ɗauka mai hasumiya yana ganin hadarin da kake ciki, radar da ke nuna jirage daban take da ta yanayi.

Injiniyan_Hanga:

Malamai sun gama da sama, ni na ƙasa ne. 172S injinsa Lycoming IO-360 ne mai fesa mai, ba shi da kabureta, to ba ruwanku da ƙanƙarar kabureta. Amma wanda ke karanta wannan yana tuƙa Cessna 172N ko 172P ko 152, masu kabureta, ya sani ƙanƙara na kama kabureta ko a zafin digiri 30 in laima ta yi yawa, don iskar na yin sanyi da digiri 20 ko fiye a maƙogwaronta. Alama: RPM na zamewa ƙasa ba ka taɓa komai ba. Ja hita har ƙarshe, inji zai yi tari ya ƙara muni kafin ya gyaru, ruwan da ya narke yake haɗiya. Kada ka mayar da ita don ka ji tarin.

A naku, in ƙura ko ruwa ya toshe matatar iska, akwai ƙofa da ke buɗe kanta ta ja iska daga cikin murfin inji. Za ku rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfi, kuma iskar ba tatacciya ba ce. Jirgin da ya ratsa jar ƙura a duba matatarsa kafin ya sake tashi. In kuma ya kwana a ruwa, wuraren tsiyayar mai 13 ne a 172S, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. A bi su duka, a girgiza fiffike a jira a sake. Robar murfin tanki in ta tsufa ruwan sama na shiga ta nan.

Roƙona ga matuƙa: in kun sha gargadar da ta buga ku da bel ko ta ƙwace jirgin ko na daƙiƙa ɗaya ne, ko allurar gudu ta wuce not 163, jan layin da ba a ƙetarewa, ku rubuta a littafin jirgi. Muna duba tamoji a fatar fiffike ta sama, ƙusoshin da suka saki suna zubar da baƙin gari, inda sandar fiffike ta haɗu da jiki, gindin wutsiya, da ƙarafan inji. Tsakanin ninki 3.8 da 5.7, inda daga nan yake iya karyewa, ƙarfe na iya lanƙwashewa bai karye ba, sai ya jira wanda zai hau gobe. In tsawa ta taɓa jirgi kuma, a nemi ƙuna a bakin farfela da ƙarshen fukafukai da wutsiya, a sake gwada kamfas.

Ɗaurin jirgi a ƙasa: igiya uku, fukafukai biyu da wutsiya, a ƙarfen da aka kafa a daɓe, ba a tayar mota mai siminti ba. Waigi a tayoyi, makullin sitiyari a ciki. Jirgin da ke tashi a not 50 da ɗoriya, iskar gaban hadari mai not 50 tana iya ɗaga shi ba matuƙi.

Kyaftin_Mai_Ritaya:

Injiniya ya tuna mini da sauka, wadda ita ce ta fi cin mutane, don sun ga fili sun ga hadari sai su ce bari mu riga shi.

Ɗauki Kano. A damina iska na kudu maso yamma, ana sauka a titi na 24, wato mai fuskantar digiri 240. Iskar gaban hadari na isowa, cikin minti ɗaya ta koma gabas da not 40. Wanda ke gab da sauka a 24 yanzu iskar a bayansa take. Ko an juya shi zuwa 06, ɗaya ƙarshen titin mai fuskantar digiri 60, iska daga 090 tana da kusurwar digiri 30 da titin, rabinta na gefe ne, not 20. Abin da aka gwada 172S da shi 15 ne.

Iskar da ke zubowa daga gindin hadari kuma yaudararta a jere take. Da farko ta bugo ka ta gaba, gudu ya ƙaru, jirgi ya ɗaga sama da layin sauka, sai ka rage totur. Daƙiƙu kaɗan ta danno ka daga sama. Sannan ta koma bayanka, gudu ya zube, ga inji a kwance ga ƙasa. Bambancin gaba da bayan yana iya kaiwa not 90, faɗinta bai wuce mil biyu da rabi ba, kuma da wuya ta wuce minti 15. Saboda haka in gudu ya ƙaru haka kawai kusa da hadari, wannan ƙarin shi ne gargaɗin: totur duka, fasa saukar, ɗaga hanci zuwa gudun hawa, in ƙasa na matsowa riƙe shi daf da inda ƙahon sitol ke fara kuka, kada ka taɓa filaf sai ka tabbata kana hawa. Boeing 737 na ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba 2006 irin wannan iskar ya shiga yana tashi, mutum 96 suka rasu cikin 105, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Injinan jet biyu gare shi.

In iska mai fizga ce kawai ba hadari, ƙara rabin bambancin a gudun saukarka: 15 tana fizga zuwa 25, ƙara not 5. Filaf digiri 10 ko 20 ya isa, ka sauka da ɗan totur, ka ajiye tayoyi da niyya ba tare da dogon shawagi ba.

Jos kuma a lissafa zafi. Kowane digiri ɗaya sama da ma'aunin da aka saba yana ƙara wa inji da fiffike ƙafa 120. A tsayin filin Jos ma'aunin wajen digiri 7 ne, in ana 30 jirgin ji yake kamar yana ƙafa 7,000, kuma da cikakken kaya hawansa wajen ƙafa 500 ne kawai a minti. Rage cakuɗin mai kafin tashi yadda littafin ya ce don fili mai tsayi. In iska ta haura not 25 a kan duwatsun, tsallake su da ƙafa 2,000, ka tunkare su a karkace da digiri 45 don in ɓangaren da iska ke gangarowa ya fara jan ka, juyi kaɗan ya fitar da kai.

Mai kuma, galan 53 a galan 9 zuwa 10 a awa ya fi awa biyar, ya ishe ku zuwa da komawa Kaduna ko Zariya da jira. Kada a rage shi don a ɗauki kaya, kuma a buga waya a tabbatar akwai Avgas, man irin wannan jirgi, a inda za a sauka, ba kowane fili ke ajiye shi ba.

Mai_Hasashen_Yanayi:

Ƙari kaɗan ga ɗalibinmu. In layin ya wuce, kada ka tashi da ɗaukewar ruwan farko. A bayansa akwai shimfiɗaɗɗen gajimare mai yayyafi da walƙiya jefi-jefi, yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, gindinsa ƙasa-ƙasa, a Filato kuma yakan kwanta a kan duwatsu. Jira METAR biyu a jere, na inda kake da na inda za ka, da babu TS babu CB, iska ta koma kudu maso yamma, sannan ka kira Jos ka ji da bakin wanda ke kallon sararin can.